Gwiwoyin Ɗan Fari

Gajere ya dafa bakin turmi da hannu ɗaya, ya ja numfashi ta hanci a hankali kamar yadda aka koya masa, sannan ya fara sauka. Gwiwar dama ta yi ƙara, ta hagu ta amsa mata. Ya tsaya a nan, ba a tsaye ba ba a tsugune ba, gumi na tsattsafo masa tun rana ba ta gama fitowa ba. Ya saki numfashin, ya ƙara yin ƙasa kaɗan. Matarsa Zainabu tana bakin madafi riƙe da kwanon ruwan zafi da tsumman gashi, ta yi kamar kaji take kallo.

Da gwiwoyin suka taɓa tabarma sai ya rufe ido. Ciwo ya taso masa har ƙugu, amma bai guje shi ba, ya ci gaba da numfashi har ya ji ya lafa.

"Ka sauka," in ji Zainabu a hankali.

"Da turmi," ya ce. "Can wa zai aje mini turmi?"

Sunan Gajere tsokana ce ta mahautan kasuwar Talata Mafara, don mutumin dogo ne sambal, sai ya sunkuya yake shiga rumfarsa. Sunansa na yanka Ayuba, amma in ba a asibiti ba babu mai kiransa da shi. Shekaru ya kwashe yana fiɗa a tsugune, yana saɓa cinyar bijimi a kafaɗa kamar ya ɗauki buta. Sai sanyin ƙashi ya kama shi, hawan jini ya biyo baya. Ya sha saiwoyi, wanzami ya yi masa ƙaho har bayansa ya cika da tabo, ƙarshe dai ya koma salla a kan farar kujerar roba a ƙarshen sahu. Duk wannan ya shanye. Abin da ya kasa shanyewa yana ƙauyen Kaya, a ƙasar Maradun.

Mahaifiyarsa, Inna, tana can, ta tsufa tukuf, idonta ya tafi. Shi ne ɗanta na fari, ita kuwa irin matan da ne masu kunyar ɗan fari ta gaske. Tun da ta haife shi ba ta taɓa ambaton sunansa ba, sai dai "wancan", da ya yi ƙaura kuma ya zama "wancan na Mafara". Ba ta hira da shi, ba ta karɓar wayarsa. Abu ɗaya ne tsakaninsu. In ya je ya durƙusa ya gaishe ta, a ƙarshen gaisuwar takan ɗora tafinta a kansa ta ce Allah shi yi albarka, ta janye da sauri kamar ta taɓa murfin tukunya. Mutum ya doshi sittin, da jikoki, amma don wannan taɓawar yake shiga mota.

To da gwiwa ta ƙi lanƙwasuwa sai ya rasa yadda zai yi. Ya tsaya ƙiƙam a kan uwarsa ya gaishe ta kamar mai karɓar haraji? Ko a kawo masa kujera ya zauna sama, ita tana ƙasa? Ya ce sai ya warke. Ya hana ƙannensa gaya mata ciwon don kada hankalinta ya tashi, ya riƙa aika nama da goro ta hannun direbobi, in an tambaya ya ce hanya ce ba kyau. Ita kuma kunya ta hana ta tambaya. A haka damina biyu ta wuce, kowa yana ganin ladabi yake yi.

Jiya da la'asar ƙanwarsa Suwaiba ta kira shi. Ta ce Inna ta ture kwanon naman da ya aiko, ta ce: "Ku ji tsoron Allah. Wancan na Mafara in ya rasu ku hwaɗa mini in yi kukana. Ba a ɓoye ma uwa gawa." Tun daga nan ba ta sa komai a bakinta ba sai ruwa.

Shi ya sa yau, bayan Zainabu ta gasa masa gwiwoyin ta mulke su da man kaɗe, ya haɗiye ƙwayoyinsa, ya sa babbar riga, ya biya asibiti kafin tasha.

Likita Misbahu, mai gashin ƙashi, ɗan Bakura ne da ya yi karatu a Indiya. Shi ya fara kwantar da Gajere a tabarma ya ce zai koya masa wani motsa jiki da ake kira yoga. A ranar Gajere ya tashi zai fita, ya ce shi bai zo asibiti a koya masa addinin wasu ba. Likitan ya yi dariya ya ce babu wanda za a yi wa sujada, miƙa ce da numfashi, in yana shakka ya tambayi limaminsu. Ya kuwa tambaya. Liman ya ce in babu bauta a ciki ai motsa jiki ne, ya kuma ce in abin ya yi masa amfani ya zo ya koya masa, shi ma bayansa na damunsa.

Yau likitan ya ɗaura masa abin awon jini a dantse, ya saurari labarin bai katse shi ba.

"Jininka ya yi kyau, Baba. Kana dai shan maganin?"

"Ko ɗaya ban fasa ba."

"Madalla. Don na san halinku, da kun ji sauƙi sai ku ce tabarma ta warkar da ku, ku watsar da ƙwaya. Tare suke tafiya." Ya lanƙwasa masa ƙafa ya miƙar da ita, yana kallon fuskarsa. "Da son samu ne ka ƙara wata guda."

"Likita, ba ta cin abinci."

Misbahu ya sauke ƙafar a hankali.

"To ka tafi. Saukar za ka iya, in ba ka yi gaggawa ba. Kada ka riƙe numfashi, nan kuke kuskure. In ciwon ya soke ka kamar wuƙa ka tsaya, wannan ba na haƙuri ba ne. Tashin shi ne aiki. Kada ka yunƙura sai ka sami abin dafawa."

A bangon ɗakin akwai hoton wani mutum zaune, ƙafafu a miƙe, ya kwanto gaba har ƙirjinsa na taɓa gwiwa, hannunsa ya wuce yatsun ƙafa. Gajere ya daɗe yana hararar hoton nan. Ya taɓa tambaya yaushe zai kai haka, likitan ya ce ya bar wa Allah.

A tasha ya biya kuɗin kujerar gaba duka don ya sami wurin miƙe ƙafa. Motar ta bi ta gefen magudanan ruwan Bakolori, shinkafa ta yi kore shar, can gaba kuma ana ta yankan gero ana ɗaure dammuna. Kowane rami motar ta faɗa sai ya ji shi a gwiwa. Ya rufe ido yana jan numfashi, yana juya idon sawunsa a cikin takalmi don kada ƙafar ta sandare.

"Alhaji, wuridi aka yi ne?" direba ya tambaya.

"Magani nika sha."

Direban ya leƙa hannunsa bai ga kwalba ba, ya girgiza kai ya ƙara wa rediyo murya.

Daga Maradun ya hau babur zuwa Kaya. Rana ta take lokacin da ya sunkuya ya shiga zauren gidansu. Suwaiba ta tarbe shi da hannu a baki, ta nuna masa tsakar gida da haɓa.

Inna tana zaune a inuwar bishiya tana ɓarar gyaɗa, don ko ba ta ci ba hannunta ba ya zama haka nan. Ta ƙanƙance fiye da yadda ya san ta. Ƙafafunta a miƙe suke a kan tabarma, bayanta a tsaye ba ta jingina da komai ba. Yana nan tsaye sai ta laluba ba ta ji ƙwaryar ɓawo kusa ba, ta kwanto gaba, ƙirjinta ya sauka a kan gwiwoyinta, hannunta ya wuce yatsun ƙafarta ya jawo ƙwaryar, ta koma ta zauna ko nishi ba ta yi ba.

Tsigar jikin Gajere ta tashi. Hoton bangon likita ne a gabansa, da zane da kallabi. Tun yana rarrafe yake ganin matar nan a wannan zama, tana kaɗi, tana tankaɗe, tana tsince wake, bai taɓa ɗaukarsa komai ba sai da ya sha wuyar tabarma ya san kuɗinsa. Ya dubi siraran ƙafafun nan da suka yi noma da daka da ɗaukar ruwa kusan shekara saba'in, ya ce a ransa, Allah mai iko.

Ya tako har bakin tabarmar. Turmin gidan yana can nesa wajen murhu, babu bango kusa, babu komai.

"Salamu alaikum."

Hannun Inna ya tsaya cak a cikin gyaɗar. Ta ɗan karkata kai wajen da muryar ta fito, can sama.

Ya tattare babbar rigarsa. Ya ja numfashi ta hanci har ya ji cikinsa ya cika, ya fara sauka yana sakinsa. Gwiwar dama ta yi ƙararta. Cinyoyinsa suka kama rawa, tsoro ya ce masa ya riƙe numfashi ya faɗi kawai a gama, ya ƙi. Ya sake ja, ya sake saki. Ciwon yana nan, amma na haƙuri ne, ba wuƙar da likita ya faɗa ba. Ya kai yatsunsa ƙasa, ya aje gwiwa ɗaya, ya aje ta biyu. Ƙasar gidansu da ɗumi, har ta cikin wando ya ji ta.

"Inna, ina wuni."

"Lahiya lau," ta ce, muryar can ƙasa.

"Mun same ku lahiya? Ya ƙarfin jiki?"

"Da godiya. Ya mutanen Mafara?"

"Suna gaishe ki."

"Ya masu ɗaki, ya yara?"

"Duk lahiya lau."

"Madalla."

Ya sunkuyar da kai yana jira. Hannun ya zo yana lalube, ya ture hularsa, ya sauka a tsakiyar kansa. Ya ƙirga a ransa yadda ya saba, yana jiran a janye. Ba a janye ba. Yatsun suka bi goshinsa, suka bi tabon da ƙahon saniya ya bar masa a gira tun yana yaro, suka sauko gemu, suka koma kai.

"Kai ne," ta ce. "Mi nij ji yana ƙara awa an karya kara?"

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ya gaya mata duka, ciwon, da kujerar roba, da ƙwayoyin asibiti, da likitan Bakura da tabarmarsa. Ya ce ya kasa zuwa ne don ba zai iya tsayawa a kanta ba.

Hannun dai yana inda yake.

"Don gwiwa," ta ce. "Damana biyu ina sauraren ƙohwa, don gwiwa. Sanda anka miƙo mini kai a tsumma, durƙuso kay yi mini? Da kaz zo a tsaye, ai sai in sa a kawo turmi in hau."

Suwaiba ta yi dariya daga bakin zaure, dariyar ta juye kuka, ta shige madafi tana cewa bari ta dama fura.

"Ta dama da yawa," in ji Inna. "Yunwa nika ji." Sannan ta ce Allah shi yi albarka, ta ɗauke hannunta.

Gaisuwa ta ƙare, saura tashi. Gajere ya dafa ƙasa ya gwada ɗaga gwiwa ɗaya, ta ce ba ta san zancen ba. Ya tuna maganar likita, ya waiga yana neman abin dafawa. Turmi na nesa, Suwaiba na madafi, kuma ya ji nauyin ɗaga murya a gaban Inna. Ya tsaya yana numfashinsa, a hankali, ta hanci.

Inna ta saurara. Kunnen makaho ba ya barin komai. Sai ta ture ƙwaryar gyaɗa gefe, ta tanƙwashe ƙafafu, ta miƙe tsaye ba tare da ta dafa ko ƙasa ba. A tsayen ma da kaɗan ta fi shi tsawo yana durƙushe. Ta gyara ɗaurin zane, ta kafa ƙafafunta sosai, ta miƙo hannu saitin numfashinsa.

"Kama, Ayuba."

Bai taɓa jin yadda sunan yake a bakinta ba. Ashe ja take yi masa kaɗan a tsakiya, kamar wadda ta daɗe tana faɗinsa ita kaɗai. Ya dubi hannun, ƙashi da jijiya da ƙurar gyaɗa, ya kama shi da nasa biyu, amma bai yunƙura ba.

"Bari in ɗan huta tukuna, Inna," ya ce.

Ta ce to, ta ci gaba da tsayuwa.