Lemuel Bai Ga Nuwamba Ba

"Ku sake ni! Na ce ba inda za ni!"

Ina sharar ganyen da ya zubo a ƙofar gidana na ji ihun. Na ɗago kai sai ga maƙwabcina Lemuel Tarver ya rungume ƙarfen barandarsa da hannu biyu, robar iskar taimakon numfashi tana reto a hancinsa, ma'aikatan motar asibiti biyu sun tsaya a kansa da gadon ɗaukar marasa lafiya. Matarsa Vernice ce ta kira su. Tana bakin ƙofa riƙe da ƙugu.

"Mista Tarver, numfashinka ya yi ƙasa sosai," in ji ƙaramin cikinsu.

"Ɗana, shekara arba'in na yi ina shaƙar ƙurar ƙarfe. Numfashina ya daɗe da yin ƙasa, kai ne dai yau labari ya iso maka."

"Ku ɗauke shi," in ji Vernice. "In ya ƙi sakin ƙarfen, ku haɗa da ƙarfen."

Ba su ɗauke shi ba. Mutum da hankalinsa in ya ce a'a, magana ta ƙare. Suka naɗe gadonsu suka tafi, Vernice ta shige ciki ta bugo ƙofa har tagogina suka amsa. Ni kuwa na jingine tsintsiya na tsallaka. Shekara talatin na yi ina tuƙa motar 'yan makaranta a nan garin Saginaw, na san taurin kai kala-kala, kuma wannan bai yi mini kama da na banza ba.

"Odessa, kin zo kallo?" ya ce, yana haki.

"Kallon ai kyauta ka raba wa layi gaba ɗaya. Me ke damunka?"

"Ki dawo ran Talata, in ta tafi allurarta."

Wata goma sha bakwai ke nan da kamfanin narka ƙarfe ya rufe sashensu ya sallame su. Lemuel yana da shekara sittin da bakwai a lokacin, tuni ya shiga Medikiya, inshorar da gwamnati ke ba wanda ya cika sittin da biyar. Matsalar Vernice ce. Ita sittin da biyu gare ta, kuma an taɓa yanke mata nono saboda ciwon daji, kowane wata sai an yi mata wata allura mai tsadar tsiya don kada ciwon ya dawo. A wancan zamanin in kana da tsohuwar cuta, kamfanonin inshora ko su rufe maka ƙofa, ko su yanka maka kuɗin da ya fi na gidanka. Abin da ya rage musu shi ne dokar da ta yarda wanda aka sallama ya ci gaba da riƙe inshorar wurin aikinsa har wata goma sha takwas, muddin zai biya duka daga aljihunsa. Lemuel ya sayar da motarsa a-kori-kura da ɗan jirgin ruwan da yake kamun kifi da shi, ya riƙe inshorar. Shi ma bai cire sunansa ba. Ta gwamnati ta biya nata, abin da ya saura ya tura wa ta kamfani.

Na taɓa ce masa, "Kai da kake da ta gwamnati, me za ka yi da biyu?"

"Su suka cinye mini huhu. Ko maganin tari na saya, sai sun ji a jikinsu."

Wata goma sha takwas ɗin a ƙarshen Oktoba za su cika. Duk layinmu mun san haka, ba dai mai ɗaga maganar.

Ran Talata na same shi a kujerarsa ta baranda, tukunyar iska a gefe, ya yafa tsohuwar rigar aikinsa wadda tartsatsin ƙarfe ya huda ko'ina. Ya sa na jawo kujera kusa, don muryar ba ta nisa.

"Na kira ofishin ƙungiyarmu ta ma'aikata," ya ce. "Na tambayi matar da ke can ko akwai wata hanya da za a ƙara wa Vernice lokaci. Ta ce akwai guda ɗaya, amma ba ta son faɗa. Na ce faɗi, ni ba yaro ba ne."

"Wace hanya?"

"In na mutu kafin wa'adin ya cika, dole su ƙara mata wata goma sha takwas. Hakan zai kai ta sittin da biyar cif, ta shiga ta gwamnati. In kuwa na kai ɗaya ga Nuwamba ina numfashi, ko ƙwayar magani ba ta da ita."

Na ce, "Lemuel, ka ji tsoron Allah."

"Ke, kada ki fara mini wa'azi, fasto ma bai iya ba. Ba kashe kaina zan yi ba. Ga magunguna nan ina sha, ki ƙirga in kina so. Likita ya ce huhun ya gama aiki. In na je asibiti za su zura mini bututu a maƙogwaro, inji ya riƙa hura ni har Kirsimeti, sannan in mutu. Wata biyu a kwance kamar buhu, a bakin shekara ɗaya da rabi na matata? Wane wawa ne zai yi wannan cinikin?"

Ya yi tari mai tsawo, ya goge baki, sai kuma ya hau dariya.

"Kin san abin da ya fi yi mini daɗi? Sun zauna sun yi lissafi sun ce wata goma sha takwas za su rabu da Tarver. To ko gawata sai ta ci musu."

Abin da yake so da ni biyu ne. In ya mutu, wata biyu kawai doka ta ba Vernice ta sanar da ofishin kamfani, in ta wuce haka shi ke nan. Ya ce in tsaya a kanta har ta yi. Ya kuma ce kada in faɗa mata komai yanzu.

"Na farkon na ɗauka," na ce. "Na biyun kuwa ka zaɓi mutumin banza. Yaushe ka taɓa ganin magana ta kwana a cikina?"

Ko yini ba ta yi ba. Vernice tana saukowa daga motar haya na tare ta a bakin hanya na zayyana mata. Har gobe ban ga laifina ba, mijinta ne, ranta ne ake ciniki a kai. Ta tsaya da audugar allura manne a hannu. Sannan ta hau matakalar baranda a hankali.

"Tsoho, ashe abin da kake ƙullawa ke nan?"

"Odessa, Allah ya isa tsakanina da bakinki," ya ce.

"Ni za ka kalla. Wa ya ce maka ina sayar da miji? Wallahi ka kuskura ka mutu a Oktoba, ba zan yafe maka ba. Sai ka ci talotalon bikin godiya na ƙarshen Nuwamba a gidan nan, ko da ɗura zan yi maka."

"Yarinya, ai ba ke ke riƙe da littafin ajali ba."

"Za ka gani."

Daga ranar gidan ya koma fagen daga, kuma makamin Vernice tukunya ce. Kullum ƙamshi na tsallako shinge ya same ni: soyayyen tarwaɗa, ganye da naman hayaƙi, burodin masara mai zafi, romon kaza. Ta kira 'yan ƙungiyar mata ta coci suka cika falo suna addu'a Ubangiji ya ja kwanansa. Shi kuma yana kwance a gadon da ma'aikatan jinya suka kafa masa kusa da taga, in sun ce amin sai ya ce, "Ubangiji, ka dai duba kalanda." Wata rana ɗaya daga cikinsu, Sista Ernestine, ta fashe da dariya a tsakiyar addu'a, sai fita ta yi.

Abincin kuwa yana ci. Wannan ne ya fi karya mini zuciya. Duk cokalin da ta miƙa sai ya buɗe baki, ko da haɗiyar za ta ɗauke shi minti guda. Bai taɓa ture hannunta ba. Asibiti kaɗai ya ƙi.

Wata safiya na shiga na tarar tana aske masa gemu. Ba su ji shigowata ba.

"In ka tafi wa zai riƙa ba ni haushi?" ta ce.

"Ga Odessa nan, ta isa."

"Ba wasa nake ba, Lem. Gara ciwon ya dawo kana nan, da in warke ba ka."

"Ni kuma gara in tafi na san ba su ci mu duka biyu ba."

Ta ci gaba da askin, hawaye na ɗiga a kumfar sabulun. Na ajiye kwanon da na kawo na fice.

Ran wata Alhamis a tsakiyar Oktoba ya cika, da hantsi, yara sun riga sun wuce makaranta. Ya ce a buɗe masa taga ya ji iska. Vernice ta buɗe, ta shiga kicin ta ɗebo masa romo, ta dawo ta tarar ya tafi. Da ta kira ni na ruga, na same ta tsaye a kansa da kwano a hannu.

"Ya yi abin da yake so," ta ce. "Kullum sai ya yi abin da yake so."

Aka yi jana'iza, coci ya cika da tsofaffin abokan aikinsa, rabinsu suna tari irin nasa. Kamfani ya aiko da furanni. Vernice ta sa aka fitar da su waje kusa da kwandon shara.

Bayan mako guda na ɗaga mata maganar ofis. Ta ce in fita mata daga kicin. Na sake ɗagawa bayan Oktoba ya ƙare, ta ce, "Ba zan ci ladan mutuwarsa ba, Odessa. Duk allurar da za a yi mini zan riƙa jin da ransa na saya." Na kira ofishin da kaina, suka ce sai ita, da takardar shaidar mutuwa. Ina kallon kwanaki suna tafiya, ina ji kamar in ɗauke ta in saka a mota.

Ranar allurarta ta Nuwamba ban ga motar haya ta zo ba. Na tsallaka na same ta tana naɗe kayansa tana sakawa a kwali.

"Ba ki je ba?"

"Katin ya daina aiki. Na ce su bar shi kawai."

A nan haƙurina ya ƙare. Na ce, "To madalla. Ki zauna. Kin san wa za ki faranta wa? Ba Lemuel ba, shi ya tafi, ko kin karɓa ko kin ƙi ba zai dawo ba. Akwai wani mai farar riga a ofishin can da zai ga wata biyu sun wuce ba ki zo ba, ya ja layi a kan sunanki ya tafi cin abincin rana. Sun cinye huhun mijinki, sun sallame shi kamar tsohuwar taya, yanzu kuma ke za ki yi musu kyautar shekara ɗaya da rabi. Har da godiya za su aiko miki, da wasu furannin."

"Fita."

"Zan fita. Amma fushinki da shi kike yi, su kuma kike biya."

Na fita. Na ce a raina shi ke nan, na rasa maƙwabci, na rasa maƙwabciya.

Washegari da safe ina shan kofi aka buga mini ƙofa. Vernice ce, da hular cocinta mai faɗi da takalmin Lahadi, a sama kuma ta ɗora rigar aikin Lemuel, hannayen sun rufe mata yatsu.

"Tayar da motarki."

"Ai waya ma ta isa, sai ki aika musu takardar."

"Ba waya zan yi ba. Sai sun ga fuskata."

A ƙofar kamfanin mai gadi ya kalli rigar, ya kalle ta, ya ɗaga mana ƙarfe bai tambayi komai ba. Ofishin yana hawa na biyu, da kafet da sanyin na'ura, inda Lemuel ya ce a shekara arba'in sau biyu ya taɓa shiga. Wata yarinya a bayan tebur ta yi murmushi ta ce da me za ta taimaka mana.

Vernice ta naɗe hannun rigar, ta ajiye takardar shaidar mutuwa a kan teburin, ta danne ta da tafin hannu.

"Mijina ne ya aiko ni," ta ce. "Lemuel Tarver, sashen zuba ƙarfe. Ya ce akwai sauran wata goma sha takwas a hannunku."

Yarinyar ta karanta, murmushin ya ɓace, ta yi mata ta'aziyya, ta ce ta zauna za ta kira shugabanta.

"A tsaye ya yi muku aiki," in ji Vernice. "Zan jira a tsaye."

Haka ta tsaya har aka gama, ta sa hannu inda aka nuna mata. Suka ce za ta ci gaba da biya kowane wata. Ta ce ta sani, ba sadaka ta zo nema ba. Kafin mu bar wurin ta ari wayarsu ta kira asibiti ta sa aka ba ta ranar allura.

Da muka dawo na ce ta shigo ta ci wani abu, ta girgiza kai. Ta hau barandarta, ta cire rigar ta rataye a bayan kujerarsa, kusa da tukunyar iskar da har yanzu ba a zo an ɗauke ba. Ita ta zauna a tata kujerar da hularta a kai. Rana ta karkato tana ratsa hujojin rigar, ɗigon haske ya bazu a kan katakon baranda har zuwa bakin takalminta.