Farantin da Aka Kife

Mai keke bai gama tsayawa ba Titus ya sauko, ya tura ƙofar gidan Margaret a unguwar Malam Inna. Daga asibiti yake. Likita ya ce ciwon hantar ya ci ƙarfinsa, in ya ga damina mai zuwa ya gode wa Allah. Titus ya ƙudura a ransa ba zai gaya wa kowa ba, balle a fara yi masa kallon tausayi.

'Yan Teburi suke kiran kansu. Tsofaffin ma'aikatan wani kamfanin Italiya ne da ya shimfiɗa titi a nan, ya tattara ya tafi, ya bar musu ciwon baya da son taliya. Duk Asabar ɗin ƙarshen wata sukan ci abinci tare a gidan Margaret, yau ma ranar ce. Ɗan tsohon ubangidansu har yanzu yana aiko musu da jar giyar inabi da 'yar kwalbar tartufo, wani baƙin abu da ake tonowa a gindin itace, wanda in ka gan shi ka rantse kashin raƙumi ne. Giyar tana gefen Titus, su Malam Iro kuwa zoɓo suke sha a kofi mai dogon wuya. Kowa da kiwon da ya karɓe shi.

Dokarsu ita ce wanda ya mutu ba a ɗauke kujerarsa. Kife farantinsa ake yi, kuma ranar da aka kife, kowa zai miƙe ya faɗi abin da ya sani game da shi kafin a taɓa abinci. Yanzu kifaffun sun fi buɗaɗɗun yawa.

Rana tsaka ce, amma falon ya yi sanyi, ko'ina ƙanshin tartufo, kamar ƙasar da aka haƙa yanzun nan. Titus ya ja kujerarsa, sai hannunsa ya tsaya. Farantinsa a kife yake.

"Wa ya jera teburi?" Malam Iro ya tambaya, alhali kowa ya sani. Bubayero ne ke jerawa tun zamanin kamfani, ko da yanar ido ta rufe masa gani bai yarda ya bar wa kowa ba.

"Ni ne," in ji Bubayero daga ƙarshen teburi. "Me ya faru?"

"Ka kife na Oga Titus, ga shi kuwa tsaye da ƙafarsa!" Malam Iro ya yi dariya, ba wanda ya taya shi. "Tsufa dai bai yi ba, Malam Buba."

Bubayero ya juyo da fararen idanunsa daidai inda Titus yake. "Ban sani ba, wallahi. Ni dai na ɗora, hannuna ne ya juya shi."

Margaret ta ajiye kwanon taliya da ƙarfi. Ba wanda ya manta, haka hannun nan ya taɓa yi wa farantin mijinta Danny. Ranar har Danny ya yi ta tsokanar Bubayero, wata bai ƙare ba aka kai shi makwancinsa.

Tsoro ya kama Titus, tsoro na gaske, wanda bai ji ba ko a gaban likita. Ya dubi layin kifaffun farantai, kowanne da cokalinsa a gefe, an goge shi tas kamar mai shi yana hanya. Ya tuna maganganun da aka faɗa a kansu. Har waɗanda ba a ga-maciji da su an yabe su da hawaye, su kuwa ba su ji ko kalma ɗaya ba.

"Kuskure ne, Baba Titus, kada ka sa a ranka," in ji Margaret. Ta miƙo hannu za ta buɗe farantin.

Titus ya dafe shi.

"Bar shi haka, Margaret. Daga asibiti nake."

Ba wanda ya tambaye shi me aka ce. Ya zauna, ya zuba giyar da aka hana shi, ya jingina da kujera.

"Malam Iro, kai ne babba, kai ke farawa. Miƙe ka faɗa. Ina ji."