Gashin Ƙahon Abu Nayif

Shekara goma sha ɗaya Nafiou yana tuƙa motar Abu Nayif, kuma a tsawon shekarun nan babu naman dajin da iyayensa da kakanninsa ba su kashe ba, a bakinsa dai. A ɗakinmu na unguwar Utaiƙa a Riyad mun sha labarin zaki da na ɓauna har mun haddace. Mu muna ji muna kurɓar shayi. Matsalar ita ce uban gidan ma yana ji daga kujerar baya, kuma shi ya yarda.

Saura mako uku iƙamar Nafiou, wato takardar izinin zamansa a ƙasar, ta ƙare, Abu Nayif ya dawo daga farauta a wata ƙasar sanyi da akwatin ƙanƙara. A ciki ƙahon barewa ne irin ta can, mai rassa kamar bishiya, lulluɓe da siririyar fata mai gajeren gashi, laushi kamar karan-miski. Gashin nan shi ne abin alfaharin, don a majalisin abokansa kowa ƙaho tsirara ya rataye. Akwai masu sana'ar gyara irin wannan ƙaho don ado a Riyad, amma me zai kai shi wurinsu alhali yana da ɗan mafarauta a gida? Ya miƙa wa Nafiou ya gyara masa, ya ce maganar sabunta iƙama kuma bukra in sha Allah, wato sai gobe, in aiki ya yi kyau.

Ni shara nake yi a wani asibitin dabbobi a unguwar Malaz, don haka na tambayi likitanmu. Ya ce ƙaho mai gashi cike yake da jini, da nama ba su da maraba. A bar shi a firiza, a rage taɓa shi. Ranar aiki a rataye shi kai ƙasa, a huhhuda tsinin rassan, a bi jijiyoyin da allurar magani har jinin ya tsiyaye tas. Har allurar ya ba ni.

Nafiou ya dubi allurar, ya dube ni.

"Kai mai kwashe kashin kyanwa, kai za ka koya mini aikin fata?"

Na mayar da kayana aljihu. Ba zan ɓoye ba, maganar ta yi mini zafi, kuma daga ranar na zama ɗan kallo da gangan.

Abin da Nafiou ya sani shi ne abin da kowannenmu ya gani ana yi wa fatar ragon layya: gishiri da rana. Ya sheƙa wa ƙahon gishiri kilo biyu, ya hau da shi soro, ya shanya a ranar Agusta ta Riyad. Kwana biyu, maƙwabcinmu ɗan Yaman ya buga ƙofa cikin ladabi yana tambaya ko muna da labarin tsohon da ke hawa na uku, don ya ji wani irin wari. A rana ta huɗu fatar ta tsattsage, magunan unguwa suka kafa sansani. Nafiou ya garzaya kasuwar Batha ya samo bagaruwa, ya jiƙa ƙahon a bahon wanki. Da ya ɗaga shi, gashin ya zauna a ruwa.

A nan na ɗauka zai karaya. Ina! Sai ya sanar da mu cewa dama a wurin manyan mafarauta ƙaho mai gashi aiki ne da ba a gama ba. Ya kankare ragowar da wuƙa, ya goge, ya shafe da man zaitun har yana ƙyalli, ya naɗe a sabon tawul ya kai.

Abu Nayif bai yi faɗa ba. Ya juya ƙahon sau biyu, ya tambayi ina gashin. Nafiou ya ce ai ya tsabtace masa shi ne. Mutumin ya daɗe yana kallonsa, sannan ya mayar masa da tawul ɗin da abin da ke ciki, ya ce ya kai wa babansa tsaraba, shi zai fi sanin darajarsa. Washegari saƙo ya shigo wayar Nafiou: bizar fita ce, ta ba dawowa.

Na same shi zaune a ƙasa yana ƙoƙarin cusa ƙahon a jaka, rassan sun ƙi shiga. Na zo da dariyar da na yi kwana goma ina tarawa, amma na rasa inda zan ajiye ta. Na ce ya bar shi kawai, tsoho mafarauci me zai yi da ƙahon Turawa.

Bai ɗago ba.

"Babana tela ne," ya ce. "A kasuwar Tasawa. Ko kaza za a yanka sai ya kira maƙwabci."

Na tsuguna na riƙe masa bakin jakar, muka ci gaba da turawa.