Ranar Ruwan Gwaggo Kulu

Ganyen dawar Gwaggo Kulu ya fara naɗewa don ƙishi, ga ruwa kuwa yana wucewa a magudanar da ke bakin gonar, ƙofarsa a kulle.

Ramla ta tsaya tana kallo, kunya ta rufe ta, domin ita ta kulle ƙofar nan. Shekara biyu tana aiki a wani kamfani a birnin Madani, tana gina ɓangaren manhajar da ke zaune a uwar garke, wato babbar kwamfutar cibiya, wanda rassan ƙungiyar manoma daga Managil har Hajj Abdalla ke tambaya kafin a sakar wa kowace gona ruwa. Manya sun daɗe suna jan ruwa da sunan matattu, sai ta kafa sharaɗi: dole mai gona ya je ofis ya ɗora yatsansa. Ranar da ta gama, har shayi ta saya wa abokan aiki don murna.

To, ga mai gonar, mijin gwaggonta, kwanansa tara a kabari. Gwaggo tana takaba, sauya suna a takarda kuma sai an yi makonni. Dawa kuwa ba ta san takaba ba.

"Na ce ma 'yan ofis su ba ta ranar ruwana," in ji Malam Uzairu, maƙwabcin gonar. "Sunka ce makana, na'urar nan tasu, ta ƙiya. Ɗiyata, wane marar tausai ya koya mata hakan ga?"

Ramla ta ce: "Baba, da can yaya kuke yi in mai gona ya rasu?"

"Maƙwabcin gabas da na yamma su tsaya shaida. Wanda yay yi ƙarya, ranar ruwansa ta faɗi. Khalas, shi ke nan."

A gindin dalbejiya ta buɗe kwamfutarta. Tsoronta ɗaya, kada garin gyaran gira a rasa ido, ɓarayin ruwa su samu kafa. Sai ta ɗaure shaidar da ranar ruwan mai shaida, yadda tsohon ya faɗa. Ta gwada da gonakin ƙarya har sau arba'in, shugabanta ya yi ta jan ƙafa a waya kafin ya amince, aka ɗora gyaran, rassa duka suka karɓa.

Ran kwana na uku Malam Uzairu da Mujtaba, maƙwabcin yamma, suka ɗora yatsunsu. Ruwa ya shiga. Kunya biyu na gefe sun riga sun ƙone, sauran suka farfaɗo.

Ramla ta shiga ɗakin Gwaggo, ƙafafunta duk taɓo.

"Wa ya buɗe?" Gwaggo ta tambaya, carbi a hannu.

"Baba Uzairu da Mujtaba."

"Dama su na. Allah shi saka musu. Wanda yak kulle kuma, Allah shi shirye shi."

Ramla ta sunkuyar da kai, ta ce amin.