Ƙullin Baba Mode

Tun ina ƙarami na san albasarmu ba ta bukatar mai yi mata talla. Mahaifina, Baba Mode, yana da wani ƙulli da yake yi wa bakin buhu da igiyar rama, mai kunne biyu kamar na zomo. Daga Bodinga har Kumasi, duk dillalin da ya ga ƙullin nan ba ya kwance buhu ya duba. Alhaji Abdulrazak, babban mai sayen kayanmu a can, shafa shi kawai yake yi ya ce a shigar. Sau ɗaya suka taɓa haɗuwa da Baba, a aikin Hajji, amma ka rantse nono ɗaya suka sha.

Sai tsufa ya zaunar da su. Ni na karɓi harkar a nan, Kabiru ɗan Alhaji Abdulrazak ya karɓa a can. Kabiru yaron kirki ne, sai dai manyan kantuna yake kai wa kaya, su kuwa ina ruwansu da kunnen zomo? Ya kira ni ya ce in ba mu samo takardar shaidar inganci ta duniya, wadda ake kira ISO, kafin kakar albasa ba, dole ya koma wajen wasu. Ranar ko tuwo ban iya ci ba. Cinikin da ya girme ni ne zai mutu a hannuna.

Muka nema, aka koya mana tsari, aka sa ranar da mai dubawa za ta zo daga Legas. A nan muka tafka wauta irin ta masu karamci. Baba ya ce baƙo ba ya tarar da gida a hargitse. Muka ba matan garin Lambara masu tsince mana albasa hutu, muka share rumfa tas, muka shimfiɗa darduma, aka yanka rago. Matar ta iso ta tsaya tana kallon rumfa wayam.

"Alhaji, ina aikin?" in ji ta. "Ai shi na zo gani."

Naman ma ta ba da haƙuri, ta ce ƙa'idar aikinta ta hana. Baba ya bi motarta da kallo ya ce min, "Maniru, wagga wace irin shaida ta, da ba ta cin abincin mutane?"

Na ji kunya, na kuma ji haushin kowa, har da Baba. Da na huce sai na tuna shi ma ƙullin nasa ba rago ne ya saya masa daraja ba. Zuwanta na biyu ta same mu dumu-dumu cikin aiki, ta bi albasa tun daga rumbu har bakin mota. Muka sami takarda.

Gaskiya takardar ta yi mana rana. Kabiru bai tafi ba, har wasu daga Abidjan da ba su taɓa jin sunan Mode ba suka fara neman kayanmu. Amma yanzu a kan tebur ake tsinta, ba a gindin darbejiya ana hira ana tsokanar juna ba. Buhu kuwa keke ke ɗinke shi, a manna masa lamba. Igiyar Baba tana rataye a ƙusa, in na zo wucewa sai in kau da kai. Ina kewar wancan zamani ƙwarai.

Ana tsakiyar kaka Kabiru ya sake kira.

"Yaya Maniru, kaya lafiya lau," ya ce. "Maganar mahaifina ce. Ka san idonsa ya tafi. Duk buhun da na kai gida sai ya lalubi bakinsa. Jiya ya ce in ji tsoron Allah in gaya masa gaskiya, ko Mode ya rasu ne muke ɓoye masa."

Na je na faɗa wa Baba. Sai ya ce, "Ɗauko min igiyata."

Ya kama bakin wani buhu yana ƙullawa, ya daɗe yana fama, kunne ɗaya ma ya fi ɗaya tsawo. Na ɗauki buhun da kaina na ajiye shi a gaban mota, kusa da direba. Baba ya dafa ƙofar motar ya dubi direban.

"Yaro, in kun kai, ka ce ma Alhaji ya shafa da kyau. Ka ce ina nan."