Kututturen Ayaba a Tafkin Pak Darmaji

Kwana goma sha ɗaya Sarjito ya yi a durƙushe a lambun Pak Darmaji, yana jera baƙaƙen duwatsun gindin tsaunin Merapi mai aman wuta a bakin sabon tafkin kifi. Kowane dutse sai ya jujjuya shi ya samo fuskarsa kafin ya zaunar da shi a siminti. Da ya gama daɓen kewaye, ya cika tafkin da ruwa, ya sassara kututturen ayaba biyu ya zuba a ciki, yadda mahaifinsa ya koya masa. Sabon siminti yana da dafi, ayabar ce ke tsotse shi, kuma sai ta yi mako biyu tana ruɓewa kafin a saka kifi.

Da la'asar maigidan, tsohon ma'aikacin gwamnati, ya shigo da abokansa uku su ga aiki. Ya ja ya tsaya, ya toshe hanci.

"Jito, tafki na ce ka yi mini ko juji? Ko tsafin ƙauyenku ne wannan?"

Abokan suka kwashe da dariya. Shekarun Sarjito sittin, ko mai unguwa bai taɓa kiran sunansa babu "Pak" na girmamawa ba. Ya buɗe baki zai yi bayani, Darmaji ya ɗaga masa hannu, ya ce ya kwashe sharar yanzu. Ranar Asabar za a yi walimar tarewa a gidan, kuma yana so baƙi su tarar da kifayen adonsa guda tara, da ya yi shekaru yana kiwo, suna iyo a ciki.

"To, Pak," in ji Sarjito.

Ya kwashe ayabar tas. Ya goge duwatsun har suna sheƙi, ya sake cika ruwa garau.

A gida matarsa Wartini ta roƙe shi ya koma ya faɗa wa mutumin gaskiya, tunda ba kifayen ne suka wulaƙanta shi ba. Ya ce an hana shi magana, shi kuma mai biyayya ne.

Ranar Juma'a aka zuba kifayen. Ranar Asabar, baƙi na zaune a tabarmi ana raba shinkafar walima, babban cikin kifayen, fari mai jan goshi, ya taso ciki sama. Kafin a gama addu'a, kifi biyar sun mutu.

Washegari da hantsi Darmaji ya zo gidan Sarjito da ƙafa. Mai sayar da kifi ya riga ya gaya masa dalili, ragowar huɗun kuma suna cikin robar wanki, ba za su daɗe a ciki ba.

"Pak Sarjito," ya ce, kansa a ƙasa. "Ka taimake ni."

Sarjito ya bar shi a tsaye har ya shanye shayinsa.

"Ayaba na bayan gida, Pak, ga adda can. Juji ne, ni kuma bayana na ciwo."

Haka Darmaji ya bi layin da kututture a kafaɗa, mutane na leƙowa daga ƙofofinsu, ruwan ayabar na ɗiga a rigarsa ta fita. Sarjito ya san tabon nan ba ya wankuwa. Wannan ma bai faɗa masa ba.

Wartini ta ɗauke kofin daga gabansa, ba ta dube shi ba.