Makullin Ɗakin Orval

A hawa na biyu na tare ta, na fizge jakar hannunta kamar ɓarauniya.

"Verna, zo mu sha shayi."

"Yaya Burul, bari in ajiye kayan nan tukuna, in ga ko tsohon nan ya ci abinci."

"Barci yake. Ya ce kada a tashe shi."

Ƙarya na yi mata, ido cikin ido. Orval, mijinta, yana kwance a ɗakinsu an ja masa mayafi har ka, makullin ƙofar kuma yana aljihuna. Ni na same shi da hantsi, da na kai musu burodi mai zafi na tarar da ƙofa a buɗe. Yana zaune a kujerarsa, kai a sunkuye, ƙafa ɗaya cikin takalmi. Verna ta tafi garin Tokmok tun safe wajen ɗalibanta na jita. Likita ta zo ta rubuta takarda, ta ce tunda baƙo ne mota za ta zo ta ɗauke shi kafin la'asar, daga nan sai akwati a rufe har ƙasarsu. Idan motar ta riga Verna, ta gama ganin fuskar mijinta ke nan.

To amma mu a nan Bishkek ba ma faɗin mutuwa a kan matakala. Sai an zaunar da mutum, an ba shi abu mai ɗumi, dattijo ya zo, mata biyu sun riƙe shi dama da hagu, sannan a faɗa a hankali. Na aika a kira Baba Toktosun, wanda ya fi kowa tsufa a benenmu, aka ce ya je kasuwar dabbobi, yana hanya. Ni kuwa na san abin da faɗin gaggawa yake yi. Ranar da maigidana ya rasu, wani sakarai ne ya gaya mini ta waya ina riƙe da tukunyar madara tana tafasa, ta kife mini a hannu. Har yau ba na naɗe hannun riga a gaban mutane.

Na zaunar da ita a kicin, bayanta yana ga taga, na zuba shayi, na tura mata zuma da soyayyen fulawa.

"Yau wace rana ce?" in ji ta. "Ke da kike ɓoye zumar nan kamar zinariya."

"Ci dai, bakinki ya huta."

Shekara tara muna bango ɗaya da su a Bishkek. Shi goge yake ja, ita jita da waƙa. Duk Asabar sukan yi wasa a wani gidan abinci tare da wasu baƙi biyu, ɗaya mai banjo, wani abin kiɗa kamar gurmi, ɗaya mai ƙaton gogen nan da ake tsayarwa a ƙasa. Kiɗan duwatsun garinsu ne, Kentaki. Na ga hoton duwatsun, wallahi ko awakinmu ba za su kira su duwatsu ba. Waƙoƙin duk na jirgin ƙasa ne da uwa da ta rasu da wanda aka kashe a bakin rafi, amma da gudu suke yin su kamar ana biki. Na taɓa ce masa, "Orval, mutanenku ba sa mutuwa a gida ne?" Ya ce, "Suna yi mana, maƙwabciya, waƙa ce ba a yi musu."

Ina cikin zuba kofi na biyu muka ji shi.

Ta bayan bango, tsirkiya ɗaya, ana ja a hankali. Sautin ya ɗan hau, ya sauko, ya tsaya daidai, yadda yake yi kullum idan yana gyara goge kafin ya fara.

Verna ta kwashe da dariya. "Kin ji munafuki? Barci wai!"

Na sa hannu a aljihu. Makullin yana nan, sanyi ƙalau. Na ce wa kaina bututun ɗumama gida ne, alhali watan Mayu muke, an kashe ruwan zafi tuni. Tsigar jikina ta tashi har ƙeya. Shayin ya zube a kan tebur.

Ta miƙe. Na damƙe mata hannu.

"Zauna. Yi mini waƙar nan tukuna, ta ranar Asabar."

"Wacce a ciki? Ke da kike buga mana bango da tsintsiya?"

"Ko wacce. Don Allah, Verna."

Ta dube ni, ta koma ta zauna. "Rabi za ki ji fa. Muryata a saman tasa take hawa, ni kaɗai ba daɗi."

Ta rufe ido ta fara, siririyar murya can sama, da yarensu. Gogen kuma ya bi ta. Na rantse da abin da zai kashe ni, ya bi ta. Inda ta ja numfashi ya cike gurbin, inda ta hau ya tsaya ƙasa yana jiranta. Tana buga ƙafa a ƙasa tana murmushi. Ni kuma ina tsaye da tsumma a hannu, ina karanta duk abin da ya zo bakina, idona a kan taga ina roƙon Allah ya kawo farar hular Baba Toktosun.

Mota ce ta shigo, mai ruwan toka, ba rubutu a jikinta.

Da aka ƙwanƙwasa na fita da sauri na ja ƙofa a bayana. Maza biyu ne da makara ta ƙarfe. Babban ya duba takarda.

"Inna, ɗaki mai lamba goma sha huɗu muke nema. An ce makulli yana wajenki. Matarsa tana nan?"

Muryarta tana fitowa ta ƙarƙashin ƙofata, shi ma yana ji. Taku uku ne tsakanina da ita. Da na buɗe na ce, Verna, zo, da shi ke nan. Amma ba dattijo, ba mai riƙe ta, sai ni da baƙin maza biyu da matakalar siminti a gabanta. Hannuna mai tabo ya ɗauki zafi kamar ranar.

"Ba ta dawo ba," na ce. Na miƙa makullin.

Yana murɗa shi a ƙofa gogen ya yanke. Ban leƙa ba, ban iya ba, na juya fuskata ga bango. Na ji sun fito, na ji makarar ta bugi ƙarfen matakala a kwana, ƙaramin ya ce, "A hankali mana, ɗaga naka gefen." Suka dawo mini da makulli, mota ta tashi.

Na tarar da Verna ta daina waƙa, tana kallon bango.

"Ya tsaya a tsakiya," in ji ta. "Bai taɓa tsayawa a tsakiya ba."

Na ƙara mata shayi. Ba ta sha ba, ba ta kuma sake cewa za ta tafi ba.

Bayan rabin awa Baba Toktosun ya iso yana warin tumaki, da matan bene biyu a bayansa. Ya zauna, ya yi addu'a, ya shafa. Ya fara da duwatsu da suke zaizayewa, da koguna da suke ƙafewa, ya bi a hankali har ya iso kan Orval. Ban taɓa jin an faɗi mutuwa da kyau irin na ranar ba. Matan suka riƙe ta dama da hagu, amma ba ta faɗi ba.

"Yana ina?" ta ce.

Baba Toktosun ya dube ni.

"Sun tafi da shi," na ce.

"Yaushe?"

"Kina waƙa."

Ta daɗe tana kallona. Da ta zage ni da na ji sanyi.

"Shekara arba'in da ɗaya muna tare, Yaya Burul," in ji ta. "Minti biyar kawai nake so in ga fuskarsa."

Na so in ce saboda ke na yi, bakina ya ƙi. Kunya da baƙin ciki suka kama ni, har yau kuma ba su sake ni ba. Ta miƙo hannu, na sa mata makullin.

Na bi ta har bakin ƙofa, ban shiga ba. Taga a rufe, labule a sake, gado ba kowa. Gogen yana kan kujerarsa, bakan a giciye a kansa, gashin a ɗaure tam, alhali da safe a cikin akwatinsa na gan shi bisa kabad. Verna ta ɗauki bakan ta sassauta gashin a hankali, ta mayar inda yake. Sannan ta zauna a ƙasa kusa da gado, ta ɗora tafin hannunta a cikin ramin da kansa ya bari a matashi.